Faifai Biyu: Garmaho da Kayan Ƴar Tsana a Ƙasar Maraɗi

Bayan sadakar arba'in ta kakata, wadda ta haifi mahaifina, a wani ƙauye da ke tsakanin Gazawa da Agye, sai aka buɗe ɗakinta domin a raba abin da ta bari. Ba wani abin a-zo-a-gani ba ne: gadon ƙarfe, da tabarmi, da tsofaffin kwanukan jere waɗanda fentinsu ya ɓare, da adaka guda. Daga ƙarƙashin gadon aka jawo wani baƙin akwati mai mariƙi a gefe, gara ta ci kusurwa ɗaya. Baffana ya dube shi ya ce a ajiye wa ƴan gwangwan, ko banza ƙarfen cikinsa ya yi kuɗin goro. Da na roƙa a bar mini, sai ya yi dariya ya ce, "Malam, kai da ake wa kallon mai ilimi, me za ka yi da wannan tarkace?" Na ce, "Baffa, a dai bar mini, in ya so na biya kuɗin goron."

Garmaho ne. Tare da shi akwai fayafayai goma sha ɗaya a naɗe cikin tsohon zane, huɗu sun fashe. Akwai kuma wani ɗan kumbo da aka cusa a gefe, wanda da na buɗe na tarar da kayan girki na yumɓu, kowane bai fi babban yatsa ba: tukunya, da tulu, da turmi, da kasko, da wani ɗan faifai na kaba da bai wuce faɗin ƙwandala ba. Gwaggona, wadda ita ce babbar ƴar marigayiya, ta karɓi kumbon ta yi shiru har na ɗauka ba za ta ce komai ba. Can ta ce da hannunta ta gina su tun ba ta san aure ba, kuma ta daɗe da tsammanin sun bi ruwa.

A ƙasashen Turai da Amurka akwai masu tara waɗannan abubuwa biyu, wato tsofaffin na'urorin sa faifai da ƙananan kayan gidan ƴar tsana, a matsayin abin sha'awa na lokacin hutu. Suna da ƙungiyoyi da kasuwanni da littattafan da ke koya wa sabon shiga inda zai fara. Mutuminmu in ya ji haka, abin da zai fara zuwa bakinsa shi ne aikin wanda ya ƙoshi ne. Ina da ja a kan wannan. Harshenmu da kansa ya riga ya haɗa abubuwan biyu wuri ɗaya, domin sa'ad da Bahaushe ya fara ganin baƙin abin nan mai zagaye da ke waƙa, bai ari sunan Bature ba, sai ya waiwaya ɗakin matarsa ya ga faifan da ake rufe ƙwarya da shi, ya ce ai wannan ma faifai ne. Dukansu biyu kayan cikin gida ne, kuma dukansu suna riƙe da wani ɓangare na tarihinmu wanda ba a rubuta a takardun kumandan ba, ba a kuma rera shi a jerin sarakuna ba.

Yadda garmaho ya iso

A shekarar 1877 ne Thomas Edison ya ƙera na'urar da ke kama murya ta mayar da ita, amma tasa a jikin wani abu mai siffar gwangwani take rubutawa. Emile Berliner, Bajamushe mazaunin Amurka, shi ya fito da shimfiɗaɗɗen faifai a 1887, ya kira na'urarsa da sunan da bakinmu ya lanƙwasa ya koma garmaho. Fa'idar shimfiɗaɗɗen faifai ita ce ana iya buga dubbai daga uwa ɗaya, kamar yadda ake buga littafi, don haka ya zama hajar fatake. Tsakanin 1927 da 1930 kamfanin Zonophone ya ɗauki muryoyin mutanen Afirka ta Yamma a birnin Landan cikin harsuna da dama, har da Hausa, ya aiko da fayafayan a sayar a kantunan bakin teku. A 1933 kuma kamfanin HMV, mai tambarin karen nan da ke sauraron ƙaho, ya fara fitar da jerin fayafayan da ake kira GV, galibinsu kiɗan ƙasar Kuba, domin kasuwar Afirka.

To, ta ina irin wannan kaya ya biyo har ya kwana a ƙarƙashin gado a ƙauyen Gazawa? Amsar tana cikin gyaɗa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, kuma tun daga nan ƙasar da ke arewa da iyaka, daga Tasawa da Gazawa da Cadawa har zuwa Tsibiri da Gidan Runji, ta shiga noman gyaɗa gadan-gadan, da farko domin biyan haraji, daga baya domin neman na kai. Kamfanonin Turawa irin su CFAO da SCOA suka kafa kantuna a Maraɗi, suna sayen gyaɗa suna sayar da atamfa da fitila da keke da kwanuka. Daga cikin dillalansu ne aka samu attajiran nan da Emmanuel Grégoire ya yi wa littafi a 1986, wato alhazan Maraɗi. Manomin da kakarsa ta yi kyau, ko ɗan ci-ranin da ya dawo daga Kurmi, ko tsohon sojan da ya dawo daga yaƙin Hitila da ɗan abin hannunsa, su ne suka riƙa shigowa da abubuwan da ba a ci ba a sha, amma suna ɗaga sunan gida.

Gwaggo ba ta san shekarar da mahaifinta ya sayo nasa ba a lissafin boko, amma ta ce bayan ruwan da ya ci tsohon garin Maraɗi ne da kaka uku ko huɗu, kuma daga Kano ya zo da shi a kan raƙumin wani abokinsa. Ambaliyar da take nufi ita ce ta 1945, wadda ta sa aka tashi garin daga cikin fadamar Gulbi aka mai da shi kan tudu. Ga shi nan, da tambaya ɗaya akwatin ya samu shekara, ya samu hanya, ya samu dalili. Da na bari ya tafi hannun ƴan gwangwan, ko ma da wani mai sha'awa ya saye shi a kasuwa ba tare da Gwaggo ba, da abin da ya rage katako ne da ƙarfe.

Garmaho ba ya son wuta, ba ya son batir. Akwai wani naɗaɗɗen ƙarfe a cikinsa, in aka murɗa mariƙin sai ya ɗaure, in aka sake shi sai ya riƙa warwarewa a hankali yana juya faifan sau 78 a minti ɗaya. Allurar ƙarfe tana bin siririn layin da aka tona a jikin faifan, rawar da take yi tana kaɗa wata ƴar fatar ƙarfe, ƙaho kuma ya ƙara ƙarfin sautin. Shi faifan da wani irin ƙaro ake yin sa, wanda wani ƙwaro ke fitarwa a itatuwan Indiya, shi ya sa yake da nauyi kuma yake fashewa kamar kasko. Fuska ɗaya ba ta wuce kamar minti uku ba.

Wannan minti ukun ya kamata malamin adabi ya tsaya a kansa. Makaɗin fada a Tsibiri, garin da Sarkin Gobir Mayaƙi ya kafa a 1836, ko a fadar Katsinar Maraɗi, ba ya waƙa da agogo. Yana iya riƙe amshi ɗaya ya yi ta ɗora ɗiya a kai har rana ta karkata, yana kallon fuskar wanda yake wa waƙar, yana ƙari yana ragi gwargwadon wanda ya shigo da wanda ya fita. Faifai ba ya ɗaukar wannan. Duk waƙar Hausa da muka ji a tsohon faifai guntuwa ce, an yanke ta daidai bakin tukunyar Bature. Wanda bai san haka ba zai ɗauka haka magabata suke waƙa, gajeriya, da sauri, ba habaici mai nisa. Kuma a cikin bakwai ɗin da suka tsira a akwatinmu, biyu ne kawai na Hausa. Sauran akwai na Larabci, akwai na Yarabawa, akwai ɗaya mai lambar GV. Ashe tun kafin rediyo ya zama ruwan dare, ana zaune a tsakar gida a ƙauyen Gazawa ana sauraron Misira da Ikko da Habana. Wannan kaɗai ya isa ya gyara tunanin mai cewa ƙauyawanmu ba su san duniya ba sai da aka kawo musu lakwal.

Abin da ya biyo baya ya zo da sauri. A 1948 aka fito da babban faifan roba mai juyi 33, wanda fuskarsa ɗaya ke ɗaukar kusan minti ashirin, a 1949 kuma ƙarami mai juyi 45. An buɗe Rediyon Nijar a 1958, wanda daga baya ya zama Muryar Sahel, aka buɗe na Kaduna a 1962, muryoyin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Shata da Ma'azu Ɗan Alalo da Ɗan Gurmu suka riƙa shiga gidaje ba sai an sayi allura ba. A shekarun 1960 malaman makaranta da ma'aikata su ne masu ƴar na'urar nan ta Teppaz, ƙirar birnin Liyon na Faransa, mai kama da jakar hannu, wadda wasu ke aiki da batir. Na tabbata cikin dattawan da ke karanta wannan mujalla akwai waɗanda suka yi rawa a gabanta, ko da ba za su amsa a gaban jikoki ba. Sa'an nan kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963, kuma da ta bazu a ƙasarmu a shekarun 1970 sai ta kashe kasuwar faifai, domin ita tana ɗaukar sa'a guda ko fiye, ba ta fashewa, kuma kowa na iya naɗar abin da yake so, daga wa'azi zuwa kiɗan kokawa zuwa saƙon uwa ga ɗanta da ke ci-rani. A daidai wannan lokaci fari na 1973 da 1974 ya karya noman gyaɗa. Zamanin garmaho da zamanin gyaɗa tare suka zo, kusan tare suka tafi.

Akwai abin takaici guda. Yawancin abin da aka naɗa da kyau daga bakin makaɗanmu na wancan zamani ba a wurinmu yake ba. Faifan kiɗan maroƙan Nijar da Tolia Nikiprowetzky ya ɗauka a farkon shekarun 1960, a Paris kamfanin Ocora ya buga shi. Abin da ya rage a gida yana Yamai, a taskar gidan rediyo da cibiyoyi irin su IRSH da CELHTO. Ɗalibin Gidan Runji ba ya zuwa can. Abin da ke kusa da shi shi ne abin da ke ƙarƙashin gadon kakarsa.

Gidan da bai fi tafin hannu ba

Mu koma ga kumbon Gwaggo. A Turai, gidan ƴar tsana ba da wasan yara ya fara ba. A ƙarni na 17 matan attajiran Holan da Jamus suna sa a ƙera musu kabad mai ɗakuna, a cika shi da ƙananan kujeru da tukwane da zannuwa, wasu domin nuna arziki, wasu domin koya wa ƴaƴa mata riƙon gida. Na wata mata mai suna Petronella Oortman yana nan a babban gidan tarihin Amsterdam, kuma masana suna duba shi domin su san yadda ɗakin girki da ɗakin mai jego suke a wancan zamani, saboda ɗakunan na gaske sun daɗe da shuɗewa. Wanda aka gama wa Sarauniya Mary ta Ingila a 1924, inda aka rage kowane abu ya koma kashi ɗaya cikin goma sha biyu na girmansa, har da ɗan garmaho a ciki mai yin waƙa da gaske. Tun kafin su duka, a Misira, an binne wani babban ma'aikacin Fir'auna mai suna Meketre kusan shekara dubu huɗu da suka wuce tare da ƙananan siffofin masaƙa da matuya burodi da makiyaya, kuma da aka tono su a 1920 sun koya wa masana abin da rubutun jikin bango bai faɗa ba.

Ƴarinyar Bahaushe ba ta jira kafinta ba. Ita ce magina, ita ce masaƙa. Bayan ruwan sama takan ɗebo yumɓu a bakin tabki ta gina tukunya da murhu da randa, ta shanya a inuwa, mai wayo ma ta faki ido ta tura su cikin tokar murhun uwarta su gasu. Ƴar tsanar kanta da karan dawa ake yin ta, ko ƙashin ƙafar dabba, a yi mata kitso da zare, a ɗaura mata ƙyalle. Daga nan sai tuwon ƙasa da miyar ganye, sai kuma babban al'amari, wato auren ƴar tsana, inda ƴan matan unguwa ke rabuwa dangin ango da dangin amarya, a kai lefe, a yi jere, a kai gara, wani lokaci har a yi suna. Maza kuma suna can suna gina shanu da dawaki na laka, ko suna fafe kara suna haɗa mota.

Abin da ya sa wannan ya zama tarihi shi ne yaro ba ya ƙirƙirar abin da bai gani ba. Abin da ke ɗakin uwarsa shi yake ragewa ya sa a tafin hannu. Barbara Cooper, a littafinta na 1997 kan aure a Maraɗi, ta nuna irin nauyin da kayan ɗaki ke da shi wajen auna darajar mace da ta danginta, da yadda kayan suka riƙa sauyawa tare da kuɗi da kasuwa. Duk wanda ya girma a nan ya ga wannan sauyi da idonsa: daga ƙorai da fayafayai da tasoshi, zuwa kwanukan fenti da ake jerawa har rufi, zuwa tangaran da kabad, zuwa kuloli da kayan roba. Jeren ƴar tsana yana bin sawun na gaske taki bayan taki. A kumbon Gwaggo babu kwano ko ɗaya, sai yumɓu da kaba, ga kuma rabin ɓawon goriba da ta ce shi ne ƙwaryarta. Ƙannena mata da gwangwanin tumatir da marfin kwalba suka yi nasu. Ƴaƴana kuwa a leda ake sayo musu nasu, na roba, ƙirar Sin, da murhun gas da cokali mai yatsu, ba turmi ba maburgi. Da za a jera waɗannan ukun a kan tebur ɗaya a aji, da an koyar da tarihin shekara saba'in na tattalin arzikin gida ba tare da an buɗe littafi ba. Haka motocin kara: wanda ya yi tasa a zamanin gyaɗa babbar mota mai bodin katako ya kwaikwaya, na yau kuwa babur yake haɗawa da waya.

Sai dai kayan wasa ba a yin su domin su daɗe. Damina ɗaya ta isa ta narkar da su. Wanda ya tsira, kamar na Gwaggo, sai in wata uwa ce ta ɓoye saboda ƙauna. Shi ya sa mai son tara irin waɗannan a ƙasarmu ba zai same su a kasuwa ba. Hanyarsa ita ce ya je wurin tsofaffin mata da yumɓu a hannu ya roƙe su su sake gina abin da suka gina suna yara, su faɗi sunan kowane. Na gwada haka da tsofaffi uku a wani ƙauye kusa da Cadawa. Da farko sun ce na mai da su yara, amma kafin la'asar suna gardama kan ko tukunyar miya tana da wuya ko ba ta da shi, kuma na fita da sunayen kayan girki biyar da ban taɓa ji ba.

Ga sabon shiga

Wanda wannan abu ya ba shi sha'awa, shawarata ita ce kada ya fara da kuɗi. Ya fara da gidansu, da littafin rubutu. Kowane abu da ya samu, ya rubuta na wane ne, daga ina ya zo, da kuɗin me aka saya, a wace shekara ko bayan wane abu da ya faru, su wa ke taruwa in an kunna. In faifai ne ya kwafe duk abin da ke jikin takardar tsakiya, har lambar, domin da lambar ake gane kamfani da zamani. In masu abu ba su son rabuwa da shi, kada a matsa musu. A ɗauki hoto, a naɗi bayaninsu a waya, a bar musu kayansu. Na fi son garmaho ya zauna a gidan da ya san shi da a kwashe shi zuwa ɗakin wani a birni inda ba wanda zai iya cewa ga mai shi.

Wajen adanawa, maƙiyanmu sanannu ne: gara, da zafi, da ƙurar hunturu, da ɗanshin damina. Faifai a tsaye ake ajiye shi, kamar littafi a kanta, nesa da rana da kwanon rufi, domin na roba yana lanƙwashewa in ya sha zafi. Tsohon mai juyi 78 ba a goge shi da sinadari mai barasa, narkewa yake yi. Ƙyalle mai laushi ya isa. Allurar ƙarfe fuska ɗaya take yi a sauya ta, in ba haka ba ta dakushe ta riƙa cin layin. Kada kuma a kuskura a ɗora faifan roba a kan garmaho, allurar za ta huɗe shi kamar garma. Ni kaina na lalata ɗaya ta haka kafin in sani. Kayan yumɓu kuwa a naɗe kowane daban cikin auduga, a sa a kwano mai marfi.

Dalilin gaggawa a fili yake. Ƴan gwangwan suna zagaya ƙauyuka da kura suna sayen duk wani ƙarfe da awo. Ambaliya irin ta 2024 ta rusa ɗakunan ƙasa masu yawa a jihar Maraɗi da abin da ke cikinsu. A gundumar Gidan Runji kuwa, tun daga 2019 dubban mutane suka tsallako daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suna gudun ƴan bindiga, wasu ƙauyukan bakin iyaka ma suka tashi, kuma mai gudun ceton rai ba ya ɗaukar akwatin waƙa. Waɗanda suka san labarin kayan kuma kullum raguwa suke yi. Ƙungiyar al'adu ko makaranta ba ta bukatar gini kamar gidan tarihin Bubu Hama na Yamai, wanda shi ma da rumfuna kaɗan ya fara a 1959. Kabad ɗaya mai makulli a ofishin darakta ko a gidan matasa, da rajista ɗaya, da malami ɗaya mai naci, sun isa a fara.

Garmahonmu ya yi wata takwas a wurina bai yi magana ba, domin naɗaɗɗen ƙarfen ya tsinke. Wani dattijo mai gyaran keken ɗinki a Maraɗi shi ya buɗe shi, ya huda bakin ƙarfen ya sake maƙala shi, ya wanke tsohon man da ya daskare, ya ce rabonsa da ganin irinsa tun yana yaron shago. Allura kuwa a cikin ɗan gwangwaninta muka samu saura, a kusurwar akwatin. Ran da na mai da shi ƙauye, na ɗora ɗaya daga cikin na Hausan nan biyu. Sautin ya fito da shashsheƙa kamar ana suyar gyaɗa a bayansa, muryar mai waƙar siririya, kalangu na binta. Yara suka cika zaure, Baffa ya tsaya a bakin ƙofa bai shigo ba, bai kuma tafi ba. Gwaggo ta saurara har allurar ta kai tsakiya, sa'an nan ta ce in juya ɗaya fuskar, wai ita ce Inna ta fi so, kuma in ƙara murɗawa, don Baba ba ya bari ya yi sanyi haka.